Makin gasar 'yan badujala a Amurka: alƙalanci ne ko son rai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A Amurka muke zaune. Ɗana mai shekara 19 yana busa ƙaho a wata ƙungiyar badujala da ke shiga gasar DCI, sun yi hutun bazarar nan gaba ɗaya suna yawon wasa jiha jiha. Abin da ya ɗaure min kai, wata rana ya bugo min waya yana murna wai ba su taɓa yin wasa mai kyau irin na daren ba, amma da aka faɗi maki sai ya ga sun yi ƙasa da na shekaranjiya. Na kuma je na gani da idona, jama'a suka miƙe suna yi musu tafi, amma wata ƙungiyar da ba a tafa mata sosai ba ita ta zo ta ɗaya. Iyayen yara da yawa suna cewa tun farkon kakar wasa an riga an san wa zai ci. Yanzu yaron ya dawo jiki a sanyaye, yana so baɗi ya koma ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin. Shin da gaske akwai maguɗi? Kuma in bar shi ya canja?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki kashi biyu ce: ko makin nan abin dogaro ne, sannan ko ya kamata yaro ya bi maki ya bar gidan da ya rene shi. Na daɗe ina koyar da 'yan ganga a makarantun sakandare a ƙasar nan, ina kuma alƙalancin gasar makarantu da takardar maki mai kama da ta DCI, amma ban taɓa zama a cikin alƙalan DCI ɗin kanta ba, kuma ban ga wasan ɗanki ba. Don haka ba zan iya ce miki an zalunce su ko ba a zalunce su ba a wancan daren. Abin da zan iya shi ne in nuna miki inda lambar take fitowa, da inda ra'ayin mutum yake shiga cikinta, domin yana shiga, sai dai ba ta ƙofar da iyaye suke zato ba.

Yadda ake haɗa maki ɗari

Wannan harka daga soja ta samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW, da coci-coci, su ne suka riƙa kafa wa matasan unguwa ƙungiyoyin ganga da ƙaho, kuma su ke shirya gasa da dokokinsu. Ƙungiyoyi goma sha uku ne suka gaji da hakan suka haɗu suka kafa Drum Corps International, wato DCI, aka yi gasar ƙarshe ta farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, Anaheim Kingsmen ta ci. Ki riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba: DCI ta ƙungiyoyin ce da kansu. Malamansu ne ke kawo shawarar sauya doka, shugabanninsu ke jefa ƙuri'a. Ma'aunin da ake auna su da shi, da hannunsu suka sassaƙa shi.

A yau ana raba makin gida uku. Arba'in na armashin wasa ne, wato yadda dukan abin ya ratsa mai kallo, kuma alƙalansa suna can sama a saman filin. Talatin na abin da ido ke gani: taku da sahu da motsin jikin kowane ɗan wasa, tsarin siffofin da suke zanawa a fili, sai 'yan tuta. Talatin na kiɗa: masu ƙaho, masu ganga, da yadda kiɗan ya haɗu gaba ɗaya. Kowane alƙali fanni ɗaya kawai yake kallo, yana da maki ashirin a hannunsa. Na armashi ana ɗaukarsu yadda suke. Na gani guda uku ana tara su a raba biyu, haka ma na kiɗa. Ma'ana, ɗigo ɗaya, wato maki 0.1, a takardar alƙalin armashi ya ninka ɗigo ɗaya a takardar alƙalin ganga nauyi. Ƙungiya na iya fin kowa tsabtar bugu da busa, a kayar da ita a sama.

Sannan kowace takarda an tsaga ta biyu, goma goma. Rabi yana auna abin da aka tsara: yaya nauyinsa, yaya zurfinsa, me aka nemi yaran su yi. Rabi yana auna yadda suka aiwatar da shi. To a nan gizo ke saƙa. Rabin farko ba aikin ɗanki ba ne ko kaɗan. Aikin manya ne, masu rubuta kiɗa da masu zana taku, waɗanda suka zauna tun cikin hunturu suka gama shi kafin yaro ya saka ƙafa a fili. Idan abin da suka tsara bai kai na wata ƙungiya ba a idon alƙali, yaro zai iya busa ƙahonsa babu ko tangarɗa ɗaya, amma akwai rufin da makinsu ba zai wuce ba.

Da can ba haka ake yi ba. Har zuwa 1983 alƙalan aiwatarwa kuskure suke ƙirgawa. Mutum na yawo a fili da allo a hannu, duk inda ya ga ƙafa ta saɓa ko ya ji sanda ta riga 'yar'uwarta sauka, sai ya ja layi, a cire ɗigo ɗaya. Har yanzu akwai tsofaffin 'yan wasa da ke cewa wancan ne adalci, tunda kuskure kuskure ne. Ni ban yarda da su ba. Ido biyu ba za su ga mutum ɗari da wani abu a lokaci guda ba, don haka inda alƙali ya ga damar tsayawa nan ake samun laifi, wanda ke bayansa kuwa ya sha. Abin da ya fi muni, tsarin yana saka wa mai tsoro: ka rubuta abu mai sauƙi, ka yi shi tsaf, ka ci. Daga 1984 aka koma tsarin ginawa, a ba ka lada kan abin da ka iya. Wasan ya bunƙasa ƙwarai bayan nan, amma kuɗin da aka biya shi ne an buɗe wa ra'ayin alƙali ƙofa a fili.

Abin da alƙali yake yi a zahiri

Bari in kai ki kusa da shi. Yana riƙe da na'urar ɗaukar murya, tun daga bugun farko har na ƙarshe, wajen minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu, yana magana ba tsayawa. A ce alƙalin ganga ne. Yara tara ne a jere da ƙananan ganguna, sun shiga wani dogon kaɗi mai sauri. Idan hannayensu goma sha takwas suna sauka tare, kunne zai ji kamar ganga ɗaya ce, sautin siriri, kana iya ƙirga kowane bugu. Da mutum ɗaya ya ɗan matse sandarsa ko ya yi gaggawa da ƙiftawar ido, sai sautin ya yi kauri, ya yi gashi-gashi. Alƙalin zai faɗa a take: na uku daga hagu ya riga, hannun hagu bai kai tsayin na sauran ba, kun gyara a jimla ta biyu. Wannan ɓangaren babu gardama a cikinsa sosai. Ki tara ƙwararru biyar, huɗu za su ji abu ɗaya.

Gardamar tana zuwa ne lokacin rubuta lamba. Ana koya wa alƙali cewa aikinsa na farko jerantawa ne, wa ya fi wa a daren nan, sannan tazara, da nawa ya fi shi. Takardar tana da akwatuna biyar, kowanne da bayanin irin wasan da ya cancanci shiga cikinsa, na biyar shi ne na ƙoli. Matsalar ita ce yana ba da maki ƙungiya na gama wasa, bai ga na baya ba tukuna. Idan ƙungiyoyi goma sha biyu ne a daren, ta uku ta burge shi ya ba ta 9.5, ina zai saka tara da suka rage in sun fi ta? Dole ya bar wa kansa wuri. Ni ma haka nake yi a gasar makarantu, kuma duk alƙalin da ya ce miki ba ya yi, bai faɗa miki gaskiya ba.

Wannan shi ne amsar abin da ya faru da ɗanki. Makin daren Talata a wani gari da na daren Alhamis a wani garin ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. Alƙalai sun canja, abokan karawa sun canja, filin ma ya canja: ƙaramin filin makaranta mai gajeren benci ba ya nuna siffofi yadda babban fili mai rufi yake nunawa, kuma amon ƙaho a rufaffen wuri daban ne. Ƙungiya za ta iya yin wasan da ya fi na jiya ta sami maki ƙasa da na jiya, ba tare da kowa ya cuce ta ba. Malaman da suka san aikinsu ba jimlar suke dubawa ba. Tazara suke dubawa tsakaninsu da wanda suka kara da shi a dare ɗaya, a gaban alƙali ɗaya, fanni fanni.

Shin an riga an san mai ci?

Maguɗi irin na a kira alƙali gefe a ba shi wani abu, ban taɓa ganin hujjarsa ba, kuma tsarin bai ba da hanyarsa da sauƙi ba. Alƙalai da yawa ne, kowa da fanninsa, ana juya su daga gari zuwa gari, a manyan wasanni ana saka mutum biyu a wasu fannonin a ɗauki matsakaicin makinsu, sannan ana buga takardar kowa da sunansa a intanet a daren. Amma iyayen da ke gunaguni ba mahaukata ba ne, ruwa ba ya tsami banza.

A manyan wasanni ana jera ƙungiyoyi ne bisa makinsu na baya, mai ƙarami ya fara, mai babba ya rufe. Haɗa wannan da barin wuri da na faɗa miki, sai ki ga yadda matsayin jiya yake kare kansa yau. Alƙali ɗan Adam ne. Ya san wa ke zuwa a ƙarshe, ya san Blue Devils ta garin Concord a Kalifoniya ta ɗauki kofin nan sau 21 daga 1976 zuwa 2023, ya kuma san abin da abokan aikinsa suka bayar a makon jiya. Kafin ya ɗora ƙaramar ƙungiya a kan babba sai ya tabbata zai iya kare kansa, domin bayan wasa akan yi zama inda malaman ƙungiyoyi ke fuskantar alƙalai, minti kaɗan kowa, su tambayi dalili. Zaman nan yana da amfani, amma shi ma ba daidai yake yi wa kowa ba. Ƙungiya mai kuɗi tana zuwa da gogaggun mutane da suka iya bakin alƙalai, su bayyana musu abin da ya kamata su lura da shi a minti na bakwai. Gobe alƙalin ya lura da shi. Ƙaramar ƙungiya kuwa wani saurayi ne da ya gama wasa shekara biyu da suka wuce zai je ya tsaya yana in'ina.

Kuma duniyar 'yar ƙarama ce. Mai alƙalanci yau, jiya malami ne a wata ƙungiya, a kaka mai zuwa yana rubuta wa makarantu kiɗa tare da wanda yake yi wa alƙalanci. Ba sai an haɗa baki ba, ɗanɗanonsu yakan zo ɗaya. Abin da wannan ɗan taron ya ɗauka a matsayin ci gaba shi ke samun maki, sauran kuma su bi. A 2016 Bluecoats ta garin Canton a Ohio ta ajiye kayan fareti da doguwar hula, ta fito da tufafi irin na 'yan rawa, ta ci kofinta na farko. Cikin 'yan shekaru kusan kowa ya tuɓe hular. Haka aka yi da lasifika da aka halatta a 2004, da kayan kiɗa na lantarki a 2009: abin da aka ce zaɓi ne ya zama dole ga mai son maki, kuma duk kuɗi ne.

Duk da haka jerin yana karyewa. A gasar ƙarshe ta 2008, da aka yi cikin dare uku a garin Bloomington, Phantom Regiment ta Rockford ta zo ta uku a daren farko, ta biyu a dare na biyu, a daren ƙarshe ta ci da 98.125, Blue Devils na da 98.100. Tazarar 0.025 ke nan. Da alƙalin ƙaho shi kaɗai ya motsa alƙalaminsa da ɗigo ɗaya, da kofin ya koma wani gari. An kuma yi kunnen doki a matsayi na ɗaya har sau uku, a 1996 da 1999 da 2000. Ni abin da nake karantawa a irin waɗannan lambobin shi ne, a can ƙoli alƙalai na cewa ne waɗannan biyun ba mu iya raba su ba, lissafi ne ya raba. Mai ɗaukar 0.025 a matsayin hujjar cewa wata ƙungiya ta fi wata, ya ɗora wa ma'aunin abin da ba zai iya ɗauka ba.

Batun tafi kuwa, tsohuwar rigima ce. Takardar armashi ba ƙarar tafi take aunawa ba. Tana duba abin da ya taɓa zuciya, da abin da ya sa tunani, da abin da ya ƙayatar, kuma alƙalin da ya ga wasa ɗari yakan gaji da abin da ke tayar da mai kallon farko daga kujera. A 1993 Star of Indiana ta kawo wasa mai tsauri da kiɗan mawallafa Barber da Bartók, wasu 'yan kallo har ihun ƙi suka yi mata, alƙalai kuwa suka ba ta 97.3, ɗigo ɗaya a bayan Cadets. Yau masu tsara wasa suna ambaton wasan nan cikin waɗanda suka sauya harkar. A wannan karon alƙalai sun riga jama'a gani. Akwai kuma shekarun da, a ganina, jama'a ne ke da gaskiya, aka ba wa wayo maki aka bar abin da ke da rai.

Gidan da yaro zai kwana

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarki, wanda ni ya fi damuna. Minti goma sha biyu ne a fili, sauran awa ashirin da uku da wani abu fa? Yaran nan, har mutum 165 a babbar ƙungiya, suna kwana a kan katifar iska a daɓen ɗakin wasannin wata makaranta, ko a zaune cikin bas tsakanin jiha da jiha. Su tashi su yi atisaye yini guda a rana, kowa da jarkar ruwansa, su ci abinci daga motar girki da iyaye 'yan sa kai ke aiki a cikinta. Kuma su ke biya, dala dubbai a kaka ɗaya. Abin da ke mayar da wannan wahala alheri ko cuta shi ne halin manyan da ke riƙe da su, musamman yadda suke yi da maki.

Na ga iri biyu. Akwai malamin da idan an sauko daga fili zai tara yara kafin a faɗi sakamako, ya tambaye su yaya kuka ji wasan, a ina aka zame, gobe da safe daga nan za mu fara. Takardun alƙalai shi da abokan aikinsa ke saurara, su tace, su kawo wa yara abin da za su iya gyarawa da hannunsu. Akwai kuma wanda fuskarsa ke sauyawa da lamba. In an hau, kowa ɗan kirki ne. In an sauka, a rage barci, a ƙara zagayen fili, a tsayar da yaro ɗaya a gaban 'yan'uwansa a ce shi ya jawo. A irin wannan gidan ne yaro ke ɓoye ciwon ƙafa har ƙashi ya tsage, don kada a cire shi a bar rami a sahu. Kuma ba girman ƙungiya ke nuna wanne ne wanne ba. Akwai manya masu kula da yara ƙwarai, da likitocin motsa jiki da lokacin barci tsayayye, akwai ƙanana masu azabtarwa.

Kofi ma ba shaida ba ne. Cadets ta ci gasar sau goma, tana cikin mafi tsufa, tun 1934. A 2018 jaridar Philadelphia Inquirer ta buga zarge-zargen cin zarafi da mata da dama suka yi wa shugabanta na shekaru sama da talatin, ya sauka, kuma a 2024 ƙungiyar ta rushe cikin matsalar kuɗi da shari'a. Abin da ya sa irin wannan ke daɗewa a rufe shi ne kowa na tsoron taɓa mai kawo nasara. Bayan nan DCI ta tsaurara dokokin kare yara da hanyoyin kai ƙara, amma doka a takarda daban, abin da ke faruwa a bas da ƙarfe biyun dare daban.

To ki bar shi ya canja? Ki tambaye shi dalili tukuna, ki kuma saurara da kyau. Idan ya ce malamin ƙahonsa ya ba shi duk abin da yake da shi, yana son a matsa masa da abu mai wuya, yana son tsayawa kusa da waɗanda suka fi shi, wannan dalili ne mai kyau, kuma lokaci ba ya jiransa, tunda daga shekara 21 zuwa 22 ake sallamar ɗan wasa. Ya je gwajin shiga a watan Nuwamba ko Disamba. Ko bai samu ba zai dawo da takardar gyara mai amfani, kuma ya faɗa wa malamansa na yanzu da bakinsa kafin su ji a wani wuri. Idan kuwa amsarsa ita ce ya gaji da zama na goma sha biyar, ki nuna masa takardar makin, ki nuna masa rabin da manya suka rubuta da rabin da shi ya busa, ya duba wanne ne ya ja su ƙasa. Sau da yawa yaro na ɗaukar wa kansa laifin da na mai zane ne.

Ke kuma naki binciken daban ne da nasa. Kafin ki sa hannu a takardar biyan kuɗi, ki nemi iyayen da yaransu suka yi kakar bara a can, ba waɗanda ƙungiyar ta zaɓo miki ba. Ki tambaye su awa nawa yaran ke samu a kwance a ƙasa bayan tafiyar dare, wa ke duba mai rauni kuma wa ke da ikon cewa ya huta, sau nawa ake ci a rana, da yadda za a yi da abincinsa da lokacin sallarsa. Ki tambayi ofishinsu wa yaro zai kira idan malaminsa ne matsalar, ki ga ko amsar tana bakinsu ko sai sun je nema. Sannan ki tambayi nawa ne daga cikin 'yan bara da shekarunsu ba su ƙare ba suka dawo bana.